Kwana Goma Na Cika, Shekara Bakwai Na Shiru: Tarihin 'Yan Kallon Kokowa A Adar



Kwanakin baya na shigo Tawa daga Bambeye bisa kabu-kabu, hanya ta bi da mu kusa da filin kokowa na Hamidine Maïdaré. Ba ranar komi ba ce. Ƙofa a rufe, iska tana kwasar leda tana mannawa ga bango, wasu yara suna buga ƙwallo daga waje. Mai moton yaro ne, bai fi shekara ashirin ba. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga ciki. Ya ce sau ɗaya, lokacin da takobi ya zo Tawa a 2017, wansa ya ja shi suka kutsa cikin mutane. Na ce to daga nan fa? Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, in an shiga mi za a gani?"

Wannan amsa ta zauna mini a rai. Yaron bai ce ba ya son kokowa ba. Ya san Issaka Issaka, yana da bidiyon kaye-kaye cike da waya. Abin da ya ce shi ne babu abin da zai shiga ya gani. Ga shi kuma layi zai sake zagayowa kanmu, takobi ya dawo Tawa. Za a cika, babu shakka. Za a rasa wurin sa ƙafa, masu masauki da masu tuwo-tuwo za su samu. Tambayata ita ce ranar da baƙi suka watse.

Bari mu koma baya tukuna, don matasa su san inda aka fito.

Kafin a san wani abu wai shi tike, kokowa a ƙasar nan abin kaka ce. In an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, ciki ya ɗauka, sai ka fara jin ganga da dare daga wani gari. Samarin wannan gari su aika wa na wancan goro, a sa rana, galibi lokacin farin wata. Babu bango, babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi. Dandali ne, mutane su yi da'ira, yara a gaba zaune, manya a baya tsaye, mata da 'yan mata a gefensu. A fara da ƙanana, a hau zuwa matsakaita, sai dare ya raba manyan su fito da walki da layu, makaɗi yana kiran sunan uban kowa da kakansa.

Amma kar wani ya ɗauka kyauta ake kallo. Ana biya, sai dai ba a ƙofa ba. Garin da ya karɓi baƙi shi ke ciyar da su, gida-gida ake fitar da tuwo da fura. Wanda ya yi kaye ana yi masa kari: wannan ya ba da goro, wancan ya ba da dami, mai hali ya ba da akuya ko riga. Makaɗa da maroƙa su ma a nan suke samun na shekara. Wato ɗan kallo shi ne mai ɗaukar nauyin wasan, kuma wanda ke cikin fili ɗan'uwansa ne, ko ɗan maƙwabci, ko wanda ke neman ƙanwarsa. In an kayar da shi, garin duka aka kayar, kuma sai an shekara ana yi muku ba'a a kasuwa. Wannan shi ne igiyar da ta ɗaure mutane ga kokowa. Ba ƙwarewa kaɗai suke zuwa gani ba, nasu suke zuwa gani. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ranar 15 ga Afirilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kountché, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwar da suka cinye dabbobi suka watsa garuruwa. Sabuwar gwamnati ta nemi abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani wuri guda. Ta farfaɗo da samariya, ta kuma ɗauki kokowa ta mai da ita gasar ƙasa. A 1975 aka yi karo na farko, kuma a nan Tawa aka yi shi. Wannan abin alfahari ne da ba mai ƙwace mana. Sai dai takobin bai kwana gida ba, Yacouba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, shi ya tafi da shi Maraɗi. A waɗannan shekarun farko ne sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram da namu Kadade suka shiga kowane gida. Yau filin Maraɗi sunan Kantu gare shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Waɗanda suka rayu lokacin za su gaya muku yadda rediyo ta yi aiki. Gari guda ba ya rasa mai rediyo ɗaya ko biyu, sai a taru a ƙofar gidansa ana sauraren Muryar Sahel, mai sharhi yana ihu, mutane suna tashi tsaye kamar suna gani da ido. Ana ajiye batir musamman don kwanakin takobi. Daga baya Tele Sahel ta zo, waƙoƙin Sagalo suka zama abin da yaro ke rerawa yana kiwo, 'yan cali-cali suna kwaikwayon manyan 'yan kokowa ana faɗuwa da dariya.

Tsarin kuwa an san shi. Kowace jaha ta kawo mutum goma. Da jahohi bakwai ne, da aka raba Tilaberi da Yamai suka zama takwas, wato 'yan kokowa 80. Kowace jaha ta kara da sauran, waɗanda ba su faɗi ba su wuce gaba, har a rage biyu. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi. Kwana goma ke nan. Gasar kuma tana yawo daga jaha zuwa jaha, wanda adalci ne, kowa ya ɗanɗana. Amma lissafin a fili yake: in jahohi takwas ne, to naka zai zo sau ɗaya cikin shekara takwas, in ma ba a yi tsallake ba. An kuma yi tsallake, don daga 1975 zuwa 2024 shekara 50 ne, gasa 45 aka yi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tsanin da ke ƙasa. A zamanin samariya, kafin mutum ya kai ga sa rigar jaha sai ya bi matakai: ya kayar da na garinsu, ya kayar da na kanto, ya je arondisma, sannan Tawa. Kowane mataki biki ne da 'yan kallonsa. Sarkin samari yana da faɗa a ji, yana iya tara gari cikin yini guda. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991, aka shiga zamanin jam'iyyu, samariya ta mutu a tsaye, don an ɗauke ta kayan tsohuwar gwamnati. Fada-fada suka maye gurbinta. To fada wurin shayi ne da hira da bulot, tana da amfaninta, amma ban taɓa ganin fadar da ta aika goro wani gari ta ce a zo a yi kokowa ba. Kan tsanin ya tsaya yana ƙyalli, matakan ƙasa suka ruɓe.

Sai ci-rani. Wannan ba sai na yi wa Ba'adare bayani ba. Da, saurayi yana tsayawa ya ci kaka, ya yi wasa, sannan ya tafi. Bayan farin 1984 da shekarun da damina ke ba da rabin rumbu, sai ya zama ana gama yankan hatsi mota tana jira. Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya, daga baya wuraren haƙar zinariya na arewa. Daidai watannin da ganga ke tashi, daidai su ne garuruwanmu ke komawa na tsofaffi da mata da yara. Wa zai yi kokowar, wa zai yi karin? Ga kuma masu wa'azi da ke ƙyamar layu da cakuɗuwar maza da mata, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Ga matsalar tsaro da ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara tun 2017, taron dare ya zama abin da ake tunani kafin a yi ko a wuraren da dokar ba ta shafa ba.

Na ƙarshe kuma, wanda ya fi cin mutane a ganina, shi ne allo. Yaron da ba ya iya gaya maka sunan zakaran kantonsu zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci. Kuma ku lura da kyau: biya yake yi. Yana ba mai gidan kallo kuɗi duk ranar wasa, ko kuma gidansu ana sabunta abonma na Canal+ duk wata ko da cefane ya ragu. Saboda haka maganar cewa mutanenmu ba su biyan kuɗin kallo ba gaskiya ba ce. Suna biya inda suka tabbata ranar da aka ce za a yi, za a yi.

A nan ne zan kawo labarin wani wasa na Turai da ya faɗa irin ramin da muke bakinsa. Wani ƙanena da ke zaune Ingila ya turo mini bidiyonsa, na bi diddigi na karanta. Sunansa sipidwe, tseren babur ne cikin fili mai zagaye da aka shimfiɗa wa ƙasa da tsakuwa. Babur ɗin ba shi da birki, giya ɗaya gare shi, injinsa 500cc. Mutum huɗu ke tashi tare, su zagaya sau huɗu, cikin kamar minti ɗaya an gama. In sun zo kwana sai su karkatar da babur ya riƙa zamewa a gicciye, ƙafar hagu tana sharar ƙasa, ƙura tana tashi. Na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na huɗu ya tashi a banza. Ƙungiyoyi biyu su yi irin wannan karo sau 15 a dare guda. (Yaranmu masu tashin moto ranar ɗaurin aure kar su ce na ba su fatawa. Waɗancan da hular kwano da likita a gefe suke yi, duk da haka ana karyewa.)

Ana danganta farkonsa da garin West Maitland na Ostareliya a 1923, ya shigo Ingila a 1928. A 1936 aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley na Landan. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya zama kamar hauka, dubun dubatar ma'aikata suna cika filaye duk mako. Sai harajin nishaɗi mai nauyi da shigowar tele cikin gidaje suka taru suka karya shi a shekarun 1950, filaye da yawa suka rufe. Ya sake farfaɗowa daga 1965 zuwa shekarun 1970. A 1981 aka yi gasar duniya ta ƙarshe a Wembley, mutum sama da 90,000 suka kalli Ba'amurke Bruce Penhall ya ci. Daga nan gangara ce. Yau ƙungiyoyi da yawa a Ingila in sun ga mutum dubu ɗaya ko biyu sun gode, yawancinsu kuma masu furfura ne da suka fara zuwa tun suna yara.

Dalilan sun ba ni mamaki don kamar da mu ake. Na ɗaya, ƙungiyoyi da dama ba su da filin kansu, haya suke. Mai fili in ya ga abin da ya fi riba sai ya ce a tashi. Tsohon filin Belle Vue na Mancesta an sayar da shi a 1987, filin Coventry ya rufe a ƙarshen 2016, Wolverhampton da Peterborough suka rasa nasu a ƙarshen 2023. Na biyu, rana ba ta da tabbas: ruwa ya sauka a ɗage wasa bayan mutum ya riga ya yi tafiya. Na uku, wanda ya fi ciwo, 'yan tseren sun daina zama na gari. Mutum guda yana yi wa ƙungiya biyu a Ingila, ya yi wa wata a Folan, wata a Suwidin, in wani ya ji rauni a aro na abokan hamayya ya sa rigarku dare guda. To ɗan kallo wa zai yi wa kirari? Igiyar nan da na ce ku riƙe, ita ce ta tsinke musu.

Cikin dabarun da suke ta muhawara a kai akwai katin shekara. Maimakon ka biya kusan fam 20 a ƙofa duk dare, wajen jika goma sha biyar ke nan a kuɗinmu, sai ka biya dunƙule tun kafin a fara, ka shiga duk wasannin gida. Amfanin ƙungiya shi ne ta samu kuɗi a hannu lokacin da take ɗaukar 'yan wasa. Amfanin mai kati shi ne rangwame. Sai dai kukan da magoya baya ke yi shi ne, in rangwamen kaɗan ne, ya isa ka rasa dare biyu saboda aiki ko rashin lafiya ka ga ka yi hasara, gara ma mai biya a ƙofa. Kuma katin ba ya jawo sabon mutum, wanda zai zo dama shi ke saye.

Folan kuwa, wasa guda ne amma labari daban. Can filayen galibi na hukumar gari ne, kamar na Toruń da aka buɗe a 2009. Ranakun wasa sanannu ne, ƙarshen mako. Doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta sa matasan ƙasar 'yan ƙasa da shekara 21, saboda haka kowane gari yana renon yaransa, mutane suna ganin ɗan unguwa yana girma a gabansu. Daga cikin irin waɗannan yara Bartosz Zmarzlik ya fito, ya ci gasar duniya sau biyar tsakanin 2019 da 2024. Garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Zielona Góra ba manya ba ne can, amma ana tara mutum wajen dubu goma a wasa. A Lublin katin shekara har ƙarewa yake. Katin iri ɗaya ne da na Ingila. Abin da ke bayansa ne ya bambanta.

Mu dawo kusa da gida. Maƙwabtanmu na Najeriya sun bi wata hanya da dambe. A Kano da Sakkwato da wajen Abuja akwai gidajen dambe da ke buɗewa kusan kullum da yamma, a biya a ƙofa, Kudu da Arewa da Guramada kowa da magoya bayansa. Ba su jiran gwamnati. Ɗan dambe yana ci daga ƙofa da kari, yanzu har da YouTube. Yana da nasa aibi, ana cin gumin yara da yawa, amma fili ba ya kwana shekara bakwai. Senegal kuma 'yan kasuwa masu shirya wasa ne suka ɗauki abin, suka kai shi inda ɗan kokowa ke karɓar miliyoyi a karo guda, kamar ranar da Balla Gaye 2 ya kayar da Yékini a 2012. A 2018 aka buɗe musu babban fili a Pikine mai ɗaukar mutum wajen 20,000. Tasu kokowar da naushi ce, ba irin tamu ba, ba na kuma fatan mu kwaso rigingimun da ke biyo bayan wasanninsu. Abin da nake nunawa kawai shi ne, su suna da lokacin wasa mai tsawon watanni, mu muna da kwana goma.

Mu namu ya rataya ne ga gwamnati da kamfanoni masu talla da manyan mutane masu kyauta. Ba laifi ba ne, da ba don haka ba da takobi bai kai yau ba. Wanda ya kai ƙarshe yana samun abin da zai canza rayuwarsa. Kadri Abdou, wato Issaka Issaka na Doso, ya ɗauka har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma ya ci gajiyar guminsa. Amma 'yan kokowa 80 ne ke zuwa, bayansu kuma akwai ɗaruruwa da ba su tsallake zaɓen jaha ba. Wanda ya faɗi ranar farko me ya koma da shi? Wanda ya zo na goma sha ɗaya a Tawa, wa ya san sunansa? Irin waɗannan su ne ke ajiye walki su hau motar Agadas. Na san wani a yankinmu, ba zan faɗi suna ba, wanda tsofaffi suka ce ba su ga mai ƙafa irin tasa ba tun zamanin Kadade. Yau yana tura baro a wata ƙasa.

To in aka ce a yi katin shekara a filin Tawa, me za a sayar? Yanzu dai babu. In ka cire zaɓen 'yan kokowar jaha da ɗan abin da ake shiryawa jefi-jefi lokacin bukukuwa, ba wani jadawali da mutum zai duba. Ba a sayar da kati bisa iska. Sai an fara da wasan. A ce daga bayan kaka zuwa kafin zafi ya tsananta, a tsai da rana guda sananniya, duk mako biyu, a kauce wa azumi. A ce ƙungiyoyin na garuruwa ne: Bambeye, Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Tebaram, da unguwannin Tawa, in abin ya kama a jawo Illela da Keita da Buza da Ƙonni da Madawa. Sharaɗi guda da ba za a taɓa ba: kowa ya yi wa garinsu. Ban da aro, ban da haya. A fara da yara kamar yadda ake yi a dandali, don uwar da ɗanta zai shiga fili ba ta bukatar talla.

Ga misalin lissafi, nawa ne na kaina, ba na wata hukuma ba. A ce wasa goma a shekara, ƙofa dala ɗari, wato sefa 500. Mai zuwa duka zai kashe jika biyar. In aka sa kati jika huɗu da rabi, an maimaita kuskuren Ingila, don wanda ya rasa wasa biyu ya faɗi. In aka sa jika uku, ko ya rasa uku yana da riba, zai saya hankali kwance. Mutum dubu su saya, miliyan uku ke nan a hannu tun ba a buga ganga ba. Ba kuɗi ne masu yawa ba, amma sun isa a ce kowane ɗan kokowa ya san kuɗin motarsa da abincinsa da ɗan abin da zai kai gida, makaɗa su san nasu. Kuɗin ƙofa da kari da talla su zo bisa.

Kuma a Adar muna da abin da Ingila ba ta da shi: 'yan ci-rani. Mutumin da ke Abijan ko Tripoli ba zai zo ya zauna a fili ba, amma yana aiko kuɗin masallaci da na rijiya da na gyaran aji. Irinsa zai iya sayen kati biyar ya ce a ba tsohonsa da ƙannensa. A sa katin ya zama wanda ake iya miƙa wa wani, ba mai hoto ba. Yaro ƙarami ya shiga kyauta in yana tare da mai kati. A ware wa mata wurinsu mai mutunci da inuwa. Sannan babban abin da zai ba katin daraja: shekarar da takobi ya zo Tawa, mai katin shekara shi ke da haƙƙin fara samun wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi tun hantsi, ya ga ana shigar da masu hanya ta ƙofar baya, ya san abin da wannan ke nufi.

Akwai masu cewa waya ta riga ta gama da mu, kowa zai jira a turo masa kayen a WhatsApp. Ni ban yarda duka ba. Waya tana nuna kaye, daƙiƙa goma. Ba ta kawo ƙarar ganga a ƙirji, ba ta kawo minti ashirin ɗin da mutum biyu ke zagaya juna kowa yana tsoron kama wa, fili ya yi tsit. Wanda ya ga bidiyon ɗan garinsu ya ɗaga wani sama, shi ne zai so ya kasance a wurin karo na gaba. Takobi kansa shaida ne, ana nuna shi kai tsaye a tele amma ba a taɓa rasa cika ba.

Inda nake jin tsoro ba wajen 'yan kallo ba ne, wajen amana ne. Shekarun baya an taɓa tara mana kuɗi a yankinmu da sunan gasar matasa, ni ma na ba da nawa. Aka yi wasa biyu, na uku aka ce an ɗage, har yau ana ɗagewa. Ba wanda ya fito ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita. In aka yi wa katin shekara haka sau ɗaya, an kashe shi na shekara ashirin. Saboda haka duk wanda zai ɗauki wannan aiki, ko reshen hukumar kokowa na jaha ne, ko magadan gari, ko tsofaffin 'yan kokowa, sai ya yarda a karanta lissafi a rediyo bayan kowane wasa, kuma in an fasa wasa a sa wata rana a take ko a mayar da kuɗi.

Na kai wannan magana wurin wani dattijo a Bambeye da ya yi kokowa a zamanin samariya, yanzu gwiwa ta hana shi nisa. Ya saurare ni har na gama lissafin jikuna. Ya ce shi bai san kati ba, amma a zamaninsu in an aika goro an sa rana, ko gawa aka yi a gari sai an aika wa baƙi tun kafin su taso, don kar su yi tafiyar banza. Sannan ya tambaye ni ko katin zai hau da kuɗin mota daga Bambeye zuwa Tawa, don shi abin da zai hana shi zuwa ke nan, ba kuɗin ƙofa ba. Wannan ban sa shi cikin lissafina ba. Mun tsaya a kan cewa ko dai a yi yarjejeniya da masu motocin kasuwa ranar wasa, ko kuma wasan ya riƙa fita daga Tawa yana zagaya garuruwan, kowa ya karɓi baƙi sau ɗaya, a dawo babban fili don karon ƙarshe. Shi ya fi son na biyun. Ya ce in za a kawo Bambeye, shi zai nuna inda tsohon dandalin yake, don yanzu an yi gini a rabinsa.